Babi na Tara: Sanyin da ke Maƙalewa a Bayan Dashbod

Daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwan farko, babu mai ciniki a gareji kamar mai gyaran esi. A Sakkwato da Maiduguri da Nguru zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, motar da ta wuni a rana kuwa sai an buɗe ƙofofinta an jira kafin hannu ya iya riƙe sitiyari. Mai mota zai iso yana sharce gumi ya ce, "Oga, esi ɗin nan ya daina sanyi." Amsar kusan ɗaya ce ko'ina: "Alhaji, gas ne ya yi ƙasa." A jawo tukunya, a ɗura, a biya. Sau da yawa maganar gaskiya ce, gas yana zurarewa. Amma akwai motoci da dama da gas ɗinsu cike yake, kwampireso yana aiki lafiya lau, sanyin ma ana yin sa, isowa fuskar direba ne ba ya yi. A irin waɗannan motoci ƙarin gas asara ce riɓi biyu. Kuɗi ya tafi, sannan gas ɗin da ya wuce kima yana ɗaga matsi, ya wahalar da kwampireso, ya ƙara rage sanyin da ake nema. An bar jaki ana dukan taiki.

Bayan dashbod, daidai tsakanin direba da wanda ke zaune gefensa, akwai wani baƙin akwati na roba da mai mota zai iya shekara goma bai taɓa sa shi a ido ba. A gefensa fanka take, ita ke tura iska. A cikinsa akwai ibaforeta, curin siraran bututu da gas ke sanyayawa har su sauko kusa da sanyin ƙanƙara. Dab da ita kuma akwai hita, wadda ƙaramin lagireto ce da ruwan inji ke ratsawa, ruwan da zafinsa ke kaiwa wajen digiri 90. Abin da masu mota da yawa ba su sani ba shi ne, a mafi yawan motocin yanzu babu wani famfo da ke tsayar da wannan ruwa. Da zarar inji ya ɗau zafi, hita ma ta ɗauka, rani da damina, ko ka taɓa kunna ta ko ba ka taɓa ba. Abin da ya raba ka da wannan zafin wata ƙofa ce ta roba da faɗinta bai fi tafin hannu da yawa ba.

Aikin ƙofofin nan irin na mai ban ruwa ne a lambu: ruwan rijiya ɗaya ne, shi ke toshe bakin wannan fangali ya buɗe na wancan. Ƙofa ta farko, wato ƙofar haɗi, ita ke raba iska tsakanin hanyar hita da hanyar sanyi, ita ce ke amsawa idan ka murɗa daga ja zuwa shuɗi. Wata, ko wasu, su ke zaɓar inda iskar za ta fito, fuska ko ƙafa ko gilashin gaba. Ta ukun tana can bakin fanka, tana zaɓar ko iskar waje za a jawo ko ta cikin mota za a riƙa juyawa. Motar da direba da fasinja kowa ke da nasa maɓallin zafi da sanyi tana da ƙofar haɗi biyu, manyan motoci masu esi na baya kuwa sun fi haka.

A zamanin Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, hannunka ne ke tura ƙofar: ka ja ɗan marikin da ke dashbod, wayar ƙarfe ta ja ƙofa. In ta lalace, ido ma yana ganin inda wayar ta kuɓuce. Wasu tsofaffin motocin Amurka da na Jamus kuma da zuƙar iskar inji suke aiki, ta cikin siraran tiyo. Yau a yawancin motoci kowace ƙofa tana da ɗan injinta na lantarki, wanda masu gyara ke kira akcuweta, kwamfutar esi ce kuma ke ba shi umarni.

Ya kamata duk mai son sanin wannan aiki ya samu matacciyar akcuweta ya fasa ta ya duba, domin rabin ganewar yana cikinta. Girmanta bai kai kwalin sabulu ba. A ciki akwai ɗan inji mai cin wutar bolt 12, a bakinsa wani murɗaɗɗen ƙarfe ko roba mai zare irin na noti, shi ke juya giyoyin roba biyu ko uku masu ƙananan haƙora. Giyoyin suna rage gudu su ƙara ƙarfi, har giya ta ƙarshe ta juya sandar ƙofa a hankali. A jikin giyar ƙarshen nan akwai wasu siraran yatsun ƙarfe da ke gogar wani baƙin layi mai lanƙwasa. Wannan shi ne ma'aunin da ke gaya wa kwamfuta inda ƙofa take. Kwamfuta tana aika masa bolt 5, shi kuma ya mayar mata da wani kaso gwargwadon inda yatsun suka tsaya, daga wajen rabin bolt a wannan ƙarshe zuwa wajen 4.5 a wancan. Shi ya sa za ka ga wayoyi biyar a soket ɗin da yawa daga cikinsu: biyu na inji, uku na ma'auni. Kwamfuta ba ta ganin ƙofa. Abin da ma'aunin nan ya gaya mata kaɗai ta sani, in ya yi mata ƙarya kuma a kan ƙaryar za ta yi aiki.

Daga nan ake gane dalilin ƙarar da ke damun mutane. Idan haƙori ɗaya ko biyu suka karye a giya, inji zai juya, ya iso gurbin, ya zame, ƙofa ba ta motsa ba. Kwamfuta ta ga ba a kai inda ta ce ba, sai ta ci gaba da turawa. Shi ne kake jin ƙwas, ƙwas, ƙwas daga cikin dashbod, a jere kamar ana ƙirga shi, musamman da ka kunna makulli ko ka murɗa maɓalli. Idan kuma baƙin layin ne ya cinye ko ƙura da tsohon giris suka rufe shi, ƙarar daban ce: wani ɗan gurnani ne mai zuwa da komawa, inji yana gaba yana baya yana neman wurin da ma'auni ya kasa nuna masa. Irin wannan motar takan yi sanyi yau, gobe ta hura wuta, ka faɗa rami ta dawo daidai. Shiru gaba ɗaya kuwa yana nufin ko injin ya mutu, ko wuta ba ta isa gare shi.

Saboda haka kunne ne ma'aikacin farko. A samu wuri marar hayaniya, wanda na san ba abu ne mai sauƙi a gareji ba, a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a rage fanka zuwa ƙasa, a kashe rediyo. A murɗa daga sanyi ƙarshe zuwa zafi ƙarshe a saurara. A sauya daga fuska zuwa ƙafa zuwa gilashi. A danna maɓallin iskar ciki. Maɓallin da ya tayar da ƙarar, ko wanda aka taɓa ba a ji komai ba, ya riga ya nuna ƙofar da ake zargi. In an ciro akwatin ajiya na gefen fasinja, wanda a motoci da yawa matse gefensa kawai ake yi ya sauko, sai a ɗora yatsa a kan kowace akcuweta a ji wadda ke bugawa.

Bayan kunne sai hannu. A tayar da inji, a kunna esi, a buɗe bonet. Bututun esi biyu ne ke shiga jikin mota ta bayan inji, siriri da mai kauri. A taɓa mai kaurin. In ya yi sanyi ƙarara har yana raɓa, ruwa kuma yana ɗiga a ƙarƙashin mota, to ibaforeta tana aikinta, maganar gas ta ragu ƙwarai. Sanyi yana nan, a cikin akwati ake lalata shi. Domin a tabbatar, akwai tiyo biyu na ruwa da ke shiga hita a wannan bangon. A matse ɗaya da abin matse tiyo marar kaifi, a jira mintuna kaɗan hita ta huce. In iskar da ke fitowa ta fara sanyi, an kama ɓarawo: ƙofar haɗi ba ta rufe hanyar hita. A yi hattara da tiyon nan, ruwan cikinsa yana ƙona fata, tsohon tiyo kuma yana iya fashewa in an matse shi da filaya mai haƙora.

Akwai tarko ɗaya da ƙwararru ma ke faɗawa. Mota ta zo gefen fasinja na sanyi gefen direba na ɗumi, ko akasin haka, sai a yanke cewa akcuwetar gefe ɗaya ce. Yana iya zama ita. Amma ƙarancin gas ma yana kawo wannan alama, domin gas kaɗan yana sanyaya ɓangaren ibaforeta da ya fara shiga ne kawai, sauran ya zauna da ɗumi. Bambancin shi ne, gefen da gas ya gaza yana hura iska mai kama da ta waje, ba sanyi ba zafi. Gefen da ƙofa ta maƙale a hanyar hita kuwa yana hura iskar da ta fi ta waje zafi, kuma ko ka murɗa maɓallinsa ba ya sauyawa. Geji a bututu da ma'aunin zafi a bakin iska su ne ke raba gardama.

Motoci da yawa suna faɗin ciwonsu da kansu in an san yadda ake tambaya. A yawancin Toyota da Lexus masu esi na otomatik na shekarun 1990 da 2000, in ka danne maɓallin AUTO da na iskar ciki tare, sannan ka kunna makulli, fitilu za su yi ƙyafta, lambobi su fito a inda ake nuna zafi. Lamba 00 lafiya ke nan. Lamba 31 da 41 na ƙofar haɗi ne, 32 da 42 na ƙofar iskar waje, 33 da 43 na ƙofar da ke zaɓar inda iska za ta fito. Lamba 21 ta ma'aunin hasken rana ce, kuma takan fito duk lokacin da aka yi gwajin a ƙarƙashin rumfa, don haka kada a sayar wa mai mota komai a kanta kafin a fitar da motar rana a sake gwadawa. A Volkswagen da Audi masu esi na otomatik da ake kira Climatronic, kamar Golf 4 da Passat, allon esi yakan yi ƙyafta na 'yan daƙiƙu da an kunna mota in akwai matsala a ajiye. In an sa kwamfuta za ta kira akcuwetar da sunanta: V68 ta zafi da sanyi, V70 ta tsakiya, V71 ta iskar waje, V85 ta ƙafa da gilashi. Sai dai ƙaramar na'urar nan mai arha da ke karanta lambobin inji kaɗai ba ta shiga kwamfutar esi. In ta ce babu komai, ba ta duba ba ne.

Lamba tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida. Wannan ne wurin da na fi son sabon mai koyo ya tsaya ya yi haƙuri. Kwamfuta ta ce ƙofar haɗi ba ta kai inda aka aike ta ba. Ba ta ce akcuweta ta mutu ba. A kwance akcuwetar, noti biyu ne ko uku, sannan a kama sandar ƙofar da yatsu a juya. Lafiyayyar ƙofa tana tafiya sumul daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ta tsaya da ɗan laushi a kan soson da ke bakinta. In ta cije, wani abu ya tare ta. Ramin iskar da ke gindin gilashin gaba yana haɗiye duk abin da aka ɗora a dashbod: biro, tsinken sakace, sulalla, ƙwallon dabino, ƙwayar carbin da ya tsinke, takardar fakin. Motar da ta daɗe a ajiye kuma ɓera yakan yi sheƙa a bakin fanka. Zafin ranar ƙasar nan, da ke dafa dashbod kullum, yana busar da giris yana kuma sa roba ta yi gautsi. In aka sa sabuwar akcuweta a kan ƙofar da ta cije, haƙoranta za su bi na tsohuwar cikin 'yan makonni, mai mota ya ce an sa masa jabu.

In kuma sandar tana juyawa sakaka babu wani nauyi, to ta rabu da ƙofar a ciki. Peugeot 407 ta yi suna a wannan ciwo, bakin sandar ƙofar haɗi ne ke karyewa, har ana sayar da kayan gyaransa daban. A Mercedes C-Class ta 2000 zuwa 2007, ƙarar da ke fitowa daga dashbod sau da yawa ɗan hannun roba ne da ke haɗa inji da ƙofa ya tsage, injin kansa lafiyarsa ƙalau. Golf 3 da Golf 4, da suka cika tashoshinmu, nasu daban ne: ƙofofinsu faranti ne mai huji-huji da aka lulluɓe da soso. In soson ya tsufa sai ya ruɓe, ya riƙa fitowa ta ramukan iska baƙi-baƙi yana zuba a jikin mutane. Ƙofa tana motsi daidai, amma iska tana ratsa ta, zafi da sanyi su cakuɗe. Direban da ya ce motarsa tana tofar da soso ya gama faɗa maka ciwonta. Maganin shi ne a kai ga ƙofofin a rufe hujojin da tef mai jure zafi ko sabon soso.

Idan ƙofa lafiya take, sai a koma kan wuta. A fara da fiyus, a duba soket ko ya yi kore ko ya saki, musamman a motar da ruwa ya taɓa shiga ko wadda aka kwance dashbod ɗinta aka sa rediyo. Da mita a nemi bolt 5 da ƙasa a wayoyin ma'auni, sannan a sa ido kan wayar da ke komawa kwamfuta yayin da ƙofa ke tafiya. Lambar ta riƙa hawa a hankali. In tana tsalle ko tana ɓacewa a wani wuri, layin ya cinye a nan. Mai wayoyi biyar ana iya gwada injinta da ƙaramin batir mai bolt 9, a juya wayoyin ta koma baya. Amma a yawancin Mercedes da BMW da sababbin motoci, akcuweta tana da 'yar kwamfutarta a ciki, wayoyi uku ko huɗu ne, kuma duk suna jere a kan layin saƙo guda. Irin wannan ba a ba ta wuta kai tsaye, ƙonewa za ta yi. Kuma ɗaya in ta lalace tana iya rufe bakin sauran da ke layin, kwamfuta ta zubo lambobi biyar alhali mai laifi ɗaya ce. Kafin a sa hannu can ciki a cire kan batir a jira mintuna, domin jakar iska ta fasinja a nan take, wayoyinta su ne masu soket ruwan ɗorawa, ba a kuma taɓa su da mita ko fitilar gwaji.

Gyara ko sauyawa? In datti ne a layin ma'auni, a buɗe a hankali, a goge da auduga da sifirit, a ɗan ɗaga yatsun ƙarfen su dawo da ƙarfinsu, a shafa giris marar yawa a giyoyi. Wannan yakan ƙara mata shekaru. Haƙorin da ya karye kuwa gam ba ya riƙe shi. Mai zuwa sayen wata a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ya tafi da tsohuwar a hannu ya gwada lambar da ke jikinta. Biyu suna iya kama da juna kamar an tsaga kara, amma ɗaya tana juyawa dama ɗaya hagu, ko zangon tafiyarsu ya bambanta. Wadda aka ciro daga motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama ma tana iya zama kishiyar taka. 'Yar Kwatano ta asali mai lafiya ta fi mini sabuwa marar suna, amma a tuna ita ma robarta ta yi shekarun motar da aka ciro ta.

Wurin ɗaurawa ne ake yawan ɓata aikin da aka yi da kyau. Bakin akcuweta da sandar ƙofa suna da gurbi guda da suke haɗuwa. In ba su yi daidai ba, ƙofar ake juyawa da hannu ta zo wurin, ba a murɗa akcuweta da filaya. Wasu kuma in aka jona su da wuta alhali ba a ɗaure suke ba sai su zarce iyakarsu. Bayan an ɗaure, dole kwamfuta ta sake koyon farkon ƙofa da ƙarshenta. Wasu motocin suna yin haka da kansu in an cire fiyus ɗin esi ko kan batir aka mayar: a kunna makulli, a bar maɓallai kamar minti ɗaya ko biyu, za a ji ƙofofi suna zagayawa. Volkswagen da Audi da Mercedes galibi sai an ba su umarnin da kwamfutar gwaji. Akcuweta sabuwa da ba a yi mata wannan ba tana iya barin ƙofa a ɗan buɗe, kuma ɗan buɗewar nan a kan hita mai digiri 90 ya isa ya cinye sanyin. Wannan ne ma ya sa wata motar ke rikicewa bayan an sauya mata batir, a ɗora wa mai batir laifin da ba nasa ba.

Akwai gajeriyar hanya da garejinmu suka saba: a cire tiyo biyun hita a haɗe su da juna, ruwan zafi ya daina shiga akwati gaba ɗaya. Tana kawo sanyi, ba na musu, kuma ga mai motar haya da ba zai iya ajiye ta kwana biyu a kwance dashbod ba, na fahimci dalilin. Amma a gaya wa mai mota abin da ya sayar. Duk wanda ya taso daga Jos ko Gembu da asuba a watan Janairu ya san amfanin hita. Da damina kuma, gilashin da ya yi hazo daga ciki ya fi saurin washewa da busasshiyar iska mai ɗumi, wato esi da hita tare, kuma sai ƙofar gilashi tana aiki. Wannan maganar ganin hanya ce da dare cikin ruwa, da iyali a mota.

Ƙofar iskar waje ita aka fi rainawa, ga shi a ƙasarmu tana cikin masu muhimmanci. In ta maƙale a buɗe, esi zai wuni yana kokawa da iskar digiri 42 da ke shigowa sabuwa, maimakon ya riƙa ƙara sanyaya wadda ya riga ya sanyaya. Mota za ta yi ɗan sanyi da safe ta gaza da azahar, hayaƙin tirela da ƙurar hunturu kuma su riƙa shigowa. Gwajinta sauƙi ne: fanka a sama, a danna maɓallin, ƙarar iska ta ƙaru in ƙofar ta juya zuwa ciki. In ana jiran kaya daga kasuwa, ana iya zare soket ɗin akcuwetar da ta lalace, a juya ƙofar da hannu zuwa inda ake so, ta haɗi a kan sanyi, ta waje a kan iskar ciki, a ɗaure ta da waya. Ƙarar za ta tsaya, batir ma ya huta in irin mai bugawa ce bayan an kashe mota. Wanda ya ɗaure ta waje a rufe ya riƙa ɗan sauke gilashi lokaci-lokaci a doguwar tafiya, domin numfashin mutum biyar a rufaffiyar mota yana kawo gyangyaɗi. Tunda kuma akwatin ajiya a sauke yake, a zaro filtar iskar da ke bayansa a duba. Bayan hunturu guda a hanyar Kano zuwa Katsina, da wuya a same ta ba ta toshe ba, ƙurar da ta wuce ta kuwa a kan ibaforeta da gindin ƙofofin take sauka.